Hutu A Serengeti Da Zanzibar: Wa Zai Biya, Wa Zai Amsa Tambaya?

A duk lokacin da shekara ta kai rabi, ko ta doshi ƙarshe, hirar ofisoshin Sakatariyar Tarayya da ke Abuja takan karkata zuwa jadawalin hutu: wa zai fara tafiya, wa zai riƙe teburin wani, kuma ina maigida zai kai iyalinsa a bana. Shekaru da dama amsar manya ba ta wuce Dubai ko Landan. Sai dai takunkumin biza da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ƙaƙaba wa 'yan Najeriya daga 2022 zuwa tsakiyar 2024, da karyewar darajar naira tun daga Yunin 2023, sun sa ido ya fara komawa Gabashin Afirka. A yau sunan da ya fi yawo a wayoyin daraktoci da hadiman ministoci shi ne Tanzaniya: 'yan kwanaki a dajin Serengeti a ga zaki da giwa, sannan a gangara tsibirin Zanzibar a huta a bakin teku.

Zaɓin yana da kyau, kuma babu abin kunya a cikinsa. Hutu haƙƙin ma'aikaci ne da dokokin aikin gwamnati suka tanada, har kwana 30 a shekara ga manyan ma'aikata, kuma wanda ya shekara yana fama da fayil da taro ya cancanci ya ga wani abu ban da bangon ofis. Amma tafiya irin wannan tana da tarko biyu. Na farko shi ne rashin shiri, wanda kan mayar da hutu ya zama asara da ɓacin rai. Na biyu, wanda ya fi haɗari ga mai cin albashin gwamnati, shi ne tushen kuɗin tafiyar. Duka biyun kuma a kan hadimi suke faɗawa, domin shi ake miƙa wa fasfo a ce ya ji da komai.

Tambayar da ta riga tikiti

Kafin a nemi farashin jirgi, wajibi ne a san aljihun da kuɗin zai fito. An daɗe da al'adar lulluɓe yawon shaƙatawa da rigar aiki: a samo wani taron bita na kwana biyu a Arusha ko Darussalam, a rubuta takardar neman izini, a karɓi alawus ɗin tafiya da dala, sannan a ƙara kwana bakwai a daji da teku, iyali kuma su biyo baya. Jama'a sun gane wannan dabara. Hayaniyar da ta tashi a ƙarshen 2023, lokacin da aka ga sunayen 'yan Najeriya 1,411 a taron sauyin yanayi na Dubai har gwamnati ta fito tana bayanin cewa mutum 422 kawai ta ɗauki nauyinsu, ita ce ta share fagen umarnin Shugaba Bola Tinubu na dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙetare da kuɗin gwamnati na tsawon wata uku daga 1 ga Afrilun 2024. Wa'adin ya wuce, amma idon jama'a bai ɗauke ba, kuma hoto guda na ɗan babban sakatare a bakin ruwa ya isa ya janyo tambayar da ba a shirya amsarta ba.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan santsi, wato ɗan kwangila ya ce ya ɗauki nauyin tafiyar a matsayin kyauta ga yara. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yi magana ƙarara a kan wannan. Ya hana jami'in gwamnati karɓar dukiya ko wata alfarma saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, kuma ya ce duk kyautar da ta fito daga kamfani ko mutumin da ke da kwangila da gwamnati za a ɗauke ta a matsayin saɓa doka, sai idan jami'in ya tabbatar da akasin haka. Ma'ana, nauyin kare kai yana wuyan wanda ya karɓa. Tikiti da otal kuwa ba kamar kuɗi a ambulan ba ne: suna barin sawu a kwamfutar kamfanin tafiye-tafiye, da sunan wanda ya biya da ranar da ya biya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne sa hannu a kan takardar biyan aikin da ba a kammala ba.

Za a iya cewa ziyarar ƙaro ilimi tana da amfani na gaske, kuma haka ne. Jami'in Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa da ya je ya ga yadda takwararta ta Tanzaniya ke tara kuɗin shiga da horar da masu gadin daji ba yawo ya je ba. Abin da ke raba ta da yawo shi ne manufa a rubuce, da rahoto bayan dawowa, da rashin iyali a cikin lissafin gwamnati. Inda babu waɗannan, hutu ne, kuma hutu da koren fasfo ake zuwa, da kuɗin aljihu, bayan an sanar da ofis cewa za a bar ƙasa. Hadimin da ya iya faɗa wa maigidansa wannan cikin ladabi ya yi masa hidimar da ta fi ɗaukar jaka.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa tunda ƙasar Afirka ce, za a sauka a filin jirgi a biya a shiga. Najeriya ta daɗe a cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a bakin iyaka. Takardun mai nema sai sun je hedikwatar hukumar shige da fice an tantance, kuma hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema kimanin wata biyu kafin ranar tafiya. Wanda ya biya tikiti da otal ɗin da ba a mayar da kuɗinsu kafin bizarsa ta fito ya yi caca da dukiyarsa. Tsarin da ya dace shi ne a fara da biza, a riƙe gurbin otal da sharaɗin sokewa, sannan a sayi tikiti. Maƙwabciyarta Kenya ta sassauta wa yawancin 'yan Afirka sharuɗɗan shiga a 2025, don haka wanda lokaci ya ƙure masa yana iya duba dajin Masai Mara da gaɓar Diani a kudancin Mombasa, waɗanda ke ba da irin wannan haɗi na daji da teku.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara. Duk mai fitowa daga Najeriya ana tambayarsa wannan kati, kuma allurar ba ta fara aiki a idon hukuma sai bayan kwana 10 da yin ta. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, saboda haka wanda ya taɓa yi kati kawai zai nema. Sayen kati ba tare da yin allura ba, kamar yadda wasu suka saba a bakin filin jirgi, yaudarar kai ce, kuma tun da aka koma katin da ake tantancewa ta intanet a 2019 ya zama hanyar jin kunya a gaban layi. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Zanzibar kuma, ko da yake ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewar 26 ga Afrilun 1964, tana da gwamnatinta da dokokinta: daga 1 ga Oktoban 2024 ta wajabta wa duk baƙo sayen inshorar tafiya ta dala 44 daga kamfanin inshorar gwamnatin tsibirin, ko da yana da wata inshorar daga gida. Wani ƙaramin abu da kan ba mutane mamaki shi ne leda, wadda ƙasar ta haramta tun Yunin 2019, don haka kilishi da yaji a nemi wani mazubi.

Dabba ba ta bin jadawalin ofis

Serengeti fili ne mai faɗin murabba'in kilomita kusan 14,750, kuma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne ƙaurar dabbar nan mai kama da saniyar daji da ake kira nyumbu da harshen Suwahili. Sama da miliyan ɗaya daga cikinsu, tare da dubban ɗaruruwan jakunan dawa da barewa, suna kewaya dajin a kowace shekara suna bin ruwan sama da ɗanyar ciyawa, kamar yadda makiyayi ke bin damina. Daga Janairu zuwa Maris suna kudu, a filayen Ndutu, inda suke haihuwa, zakuna da kuraye kuma na biye da su. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewa, suna tsallaka Kogin Mara ta tsakiyar kadoji zuwa Kenya su dawo. Wanda ya ga hoton tsallaken kogi a waya ya je a watan Fabrairu ya sauka a arewacin dajin zai biya kuɗi mai yawa ya kalli kogi babu kowa.

Damina biyu ce a can. Babbar tana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da hanyoyin daji ke caɓewa, wasu sansanonin baƙi su rufe, farashi kuma ya faɗi. Ƙaramar tana zuwa a Nuwamba da Disamba, kuma ba ta cika hana yawo ba. Rani, daga Yuni zuwa Oktoba, shi ne lokacin da ciyawa ke gajarta, dabbobi su taru a bakin ruwa, ganinsu ya yi sauƙi. Matsalar ma'aikacin Najeriya ita ce dogon hutun makarantun yara yana faɗawa daidai Agusta, tsakiyar tsada, hutun ƙarshen shekara kuma yana haɗuwa da tururuwar Turawa masu gudun sanyi. Wanda ba shi da yara 'yan makaranta ya fi kowa sa'a: farkon Yuni ko farkon Nuwamba za su ba shi kusan abin da ake gani a Agusta da rangwame mai kauri. Ana kuma duba kalandar siyasa. Zaɓen Tanzaniya na 29 ga Oktoban 2025 ya zo da tarzoma da asarar rayuka, da dokar hana fita a Darussalam da katse intanet na kwanaki, baƙi da dama kuma suka maƙale.

Tsarin kwanaki ma yana son hankali. A taswira komai kusa yake, amma daga Arusha zuwa tsakiyar Serengeti tafiyar wuni ce a mota, rabinta a kan hanyar burji mai girgiza ƙashi. Mai kwana goma zai iya sauka a filin jirgin Kilimanjaro, wanda jirgin Habasha ke zuwa daga Abuja ta Addis Ababa, ya kwana a Arusha, ya ba dajin Tarangire wuni guda don giwaye da manyan itatuwan kuka, sannan ya gangara ramin Ngorongoro, tsohon bakin dutse mai aman wuta da ya rufta, mai zurfin kusan mita 600, inda ya fi sauƙin ganin karkanda. Daga nan kwana uku a Serengeti, sai ƙaramin jirgi kai-tsaye zuwa Zanzibar. Daji ake farawa da shi, domin ana tashi tun asuba ana shan ƙura, teku kuma ita ce wurin wanke gajiya. Waɗannan ƙananan jirage kan taƙaita kaya zuwa kilo 15 a jaka mai laushi, abin da ya kamata hadimi ya sanar da uwargida tun a Abuja, kafin a iso bakin jirgi da akwati huɗu.

Lissafin da ba ya son kunya

Tafiyar nan da dala ake auna ta, albashi kuwa da naira yake zuwa. Kuɗin shiga Serengeti ga babban mutum baƙo yana kusan dala 70 na awa 24, ban da harajin kashi 18 cikin ɗari, kuma kwana a cikin dajin yana da nasa kuɗin na daban. Saukar da mota guda cikin ramin Ngorongoro kaɗai yana cin kusan dala 300. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500 don sauƙin lissafi, wannan saukar ta wuni ɗaya ta doshi naira dubu 450. Inshorar Zanzibar ga manya huɗu dala 176 ce, wato naira dubu 264, kusan albashin wata huɗu na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Duk wannan ba a taɓo tikiti ba, ba a taɓo otal da mota da direba ba, ba a kuma taɓo ihsanin da al'ada ta tanada ga direba da ma'aikatan sansani a ƙarshen tafiya ba.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce yawancin ma'aikatan tarayya ba za su iya wannan tafiya daga albashin shekara guda ba, kuma babu laifi a hakan. Laifin yana ga wanda ya ci bashin banki mai ruwa, ko ya taɓa kuɗin makarantar yara, don ya samu hoton da zai saka a Instagram. Mai sha'awa ta gaske yana da hanyoyi. Yana iya tara kuɗin ta ƙungiyar adashen ma'aikata na shekara biyu, yana sayen dala kaɗan-kaɗan. Yana iya haɗa kai da wasu iyalai su cika mota mai kujera shida, tunda kuɗin mota da direba ɗaya ne ko mutum biyu ne ko shida. Yana kuma iya barin arewa ya nufi kudu: dajin Mikumi yana kan babbar hanya daga Darussalam, jirgin ƙasa mai lantarki da aka buɗe a 2024 ya rage nisan zuwa Morogoro, kuma akwai giwa da raƙumin dawa da zaki da ɓauna a kan kuɗin da bai kai na Serengeti ba. Daga Darussalam jirgin ruwa na kai mutum Zanzibar cikin kimanin awa biyu.

Wajen biya ne ake yin asara mafi ciwo. Shafukan sada zumunta cike suke da masu tallan tafiya da hotunan da ba nasu ba, kuma araha ba ta ado. Kamfanin da ya ba da farashin da bai kai jimillar kuɗin shiga daji ba, ko dai zai ɓace da kafin alƙalami, ko ya ajiye baƙonsa a wajen ƙofar daji ya riƙa cinye rabin wuni a hanya. A nemi lasisin kamfani daga ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar, a duba ko yana cikin ƙungiyar masu shirya yawon buɗe ido ta Tanzaniya da ake kira TATO, a karɓi jadawali a rubuce da sunan kowane masauki da abin da ke cikin kuɗin da wanda ba ya ciki, kuma a biya ta asusun kamfani. Tura kuɗi zuwa asusun wani mutum saboda ya iya magana a waya ba shiri ba ne. Game da guzuri, Babban Bankin Najeriya ya ba matafiyi damar sayen har dala 4,000 a wata uku ta banki, kuma tun 2024 a kati ake zuba ta. Wanda zai riƙe tsabar kuɗi daga 'yan canji ya nemi sababbin takardu, domin tsofaffin dala ana yawan ƙin karɓarsu a can.

Iya ruwa fidda kai

Zanzibar ba gaɓa ɗaya ba ce, kuma zaɓin gefen tsibiri shi ke yanke hukuncin irin hutun da za a yi. A gabas, a ƙauyukan Paje da Jambiani, teku kan janye nesa ƙwarai sau biyu a wuni, ta bar fili inda matan ƙauye ke noman ciyawar ruwa, sannan ta dawo da sauri. Wuri ne mai kyau da iska da natsuwa, amma wanda ya biya don yara su yi wanka duk lokacin da suka so zai sha jira. A arewa, a Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta da yawa, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci, sai dai cunkoso da kiɗan dare sun fi yawa. Mai iyali ya tambayi wannan kafin ya biya.

Babban haɗarin tsibirin ga baƙon da ya tashi nesa da teku shi ne ruwan kansa. Mutum da yawa ba su iya iyo ba, kuma kunya kan hana babba faɗa. Ana hawa kwalekwalen katako zuwa kallon kifaye ko tsibirin manyan kunkuru, kuma ba kowane matuƙi ne ke ɗaukar rigar ceto ba. Doka ɗaya ce: babu riga, babu hawa, ko da an riga an biya. Mutanen tsibirin ba su manta da nutsewar jirgin Spice Islander a Satumbar 2011 da na Skagit a Yulin 2012 ba, inda ɗaruruwan rayuka suka salwanta, shi ya sa tsallakawa daga Darussalam ake yin ta da manyan jiragen da aka sani. Zazzaɓin cizon sauro kuma yana nan a daji da gaɓa, kuma zama ɗan Najeriya ba rigakafi ba ne, musamman ga yaran da suka girma a ɗaki mai na'urar sanyi. A Tarangire da sassan Serengeti akwai ƙudan tsando, wanda baƙin tufafi da shuɗi ke janyowa.

Wanda ya wuce tsohon birnin Zanzibar ya zarce otal ya yi asarar rabin tafiyarsa. Wannan birnin duwatsu, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, shi ne inda Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa a ƙarni na 19, ya gina arziki a kan kanumfari da hauren giwa da bayi. Majami'ar Anglikan da ke tsakiyarsa an gina ta ne a kan filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Mai jin Hausa zai tsinci kansa yana gane kalmomi, domin harsunan biyu sun sha daga rijiyar Larabci: habari da labari, asubuhi da asuba, hatari da hatsari, ita kanta kalmar safari 'yar uwar safara ce. Sai dai a kula da agogo: ƙasar tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma a lissafin Suwahili ƙarfe ɗaya na safe shi ne bakwai, don daga fitowar rana suke fara ƙirga. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, abincin halal da masallaci ba abin nema ba ne, ana kuma sa ran baƙo ya suturta jikinsa a cikin gari. A watan azumi yawancin gidajen abinci na birni a rufe suke da rana. A sansanonin daji kuwa, inda mafi yawan baƙi Turawa ne, sai an sanar tun da wuri game da abinci.

Muƙami a gida ake barinsa

A cikin daji babu jiniya, babu mai buɗe ƙofa, kuma kalmar direba ita ce doka. Ba a sauka daga mota, ba a sauka daga hanya don a matso kusa da damisa, ba a tashin jirgi maras matuƙi ba tare da izini ba, kuma ƙofofi na rufewa da faɗuwar rana ga kowa. Babban mutumin da ya matsa wa direba ya karya doka don hoto yana jefa lasisin talaka cikin haɗari ne. Haka nan tsaraba: hauren giwa, fatar dabba, haƙori ko farce, duk abin da zai iya kai mutum kurkuku ne. Najeriya ta yi ƙaurin suna a matsayin mashigar fataucin hauren giwa a shekarun baya, don haka jakar mai koren fasfo ba ta rasa mai dubawa. Kanumfari da kirfa da gahawa sun isa tsaraba, dutsen ado na tanzanait kuma a saye shi da takardar shaida.

Kyawun dajin ma yana da farashin da wasu ke biya. A Yunin 2022 an yi arangama a Loliondo yayin da hukumomi ke shata filin da makiyayan Masai ke cewa nasu ne, kuma ana ci gaba da kwashe iyalai daga Ngorongoro zuwa Msomera a yankin Tanga, abin da gwamnati ke kira ƙaura ta son rai, ƙungiyoyin kare haƙƙi kuma ke musantawa. A Afrilun 2024 Bankin Duniya ya dakatar da kuɗin wani shirin bunƙasa yawon buɗe ido a kudancin ƙasar saboda zargin cin zarafin mazauna kewayen dajin Ruaha. Jami'in da ya san rikicin burtali da gandun kiwo a gida ba zai kalli ƙauyen Masai a matsayin wurin ɗaukar hoto kawai ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya zaɓi kamfanin 'yan ƙasa, ya tambayi inda kuɗin ziyarar ƙauye ke zuwa, ya kuma nemi izini kafin ya ɗaga waya a fuskar mutum.

Tanzaniya ta karɓi baƙi kimanin miliyan 1.8 a 2023, ta samu sama da dala biliyan 3 daga gare su. Najeriya tana da Yankari a Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 da ruwan ɗumin Wikki da ragowar giwayenta, tana da Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa wanda ya haura murabba'in kilomita 6,000, tana kuma da doguwar gaɓar teku daga Badagry zuwa Kalaba. Bambancin yana cikin abubuwan da ma'aikacin gwamnati ne ke sa musu hannu: hanyar da ake gyarawa, mai gadin dajin da ake biya a kan lokaci, kuɗin ƙofar da ke shiga asusu, da tsaron da zai sa uba ya yarda ya ɗauki 'ya'yansa. An haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da ta al'adu a Oktoban 2024, fayilolin wasu daga cikin waɗannan wurare kuma suna kan tebura a Abuja, wasu a gaban mutanen da ke shirin tafiya Arusha a yanzu.

Don haka mai hali ya tafi, ya kai iyalinsa, ya ga abin da Allah ya halitta, domin gani ya kori ji. Ya fara da biza wata biyu kafin lokaci, ya zaɓi watan da ya dace da abin da yake son gani, ya biya kamfanin da ke da lasisi daga asusunsa na kansa, ya kuma adana rasit. Ranar da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ko wani ɗan jarida ya tambayi wanda ya biya kuɗin Zanzibar, wannan rasit ɗin ne zai amsa, hadimin da ya adana shi kuma shi ne zai kwana da kwanciyar hankali.